Wa Ke Auna Amfanin Rancen Raya Ƙasa a Ghana, Wa Kuma Ke Ɗaukar Asararsa?

A watan Mayun 2019 aka aza harsashin kashi na biyu na sabuwar kasuwar Kejetia a Kumasi, aikin da aka ƙiyasta zai ci Yuro miliyan 248, wanda bankin Deutsche na Jamus ya ba da rancen kuɗinsa, wata hukumar gwamnatin Birtaniya kuma ta tsaya masa. Domin a samu filin gini, an tashi dubban 'yan kasuwa daga tsohuwar babbar kasuwa, cikinsu har da mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango masu sayar da hatsi da atamfa da kayan koli, aka ce su lallaɓa a Racecourse da wasu wurare kafin a gama. Ranar 19 ga Disamban 2022 gwamnati ta sanar da dakatar da biyan mafi yawan basussukanta na waje, masu ba da rancen suka daina sakin kuɗi, ɗan kwangila ya janye ma'aikatansa, ginin ya shafe fiye da shekara biyu ƙarafuna a tsaye ba mai taɓa su. Matar da aka tasa daga rumfarta ta koma baza kaya a bakin titi, tana wasan ɓuya da 'yan sintirin hukumar birni, ba ta buƙatar wani masani ya gaya mata ko rancen ya yi amfani. Sai dai hukuncinta ba shi ake rubutawa a rahoto ba, kuma ko da shi ake rubutawa, ba zai wadatar ba, domin kashi na farko na wannan kasuwa, wanda wani kamfanin Brazil ya gina shi ma da kuɗin rance, yana nan cike da mutane ana ciniki.

Abin da ya fara rikita wannan muhawara a majalisun ataya da shirye-shiryen rediyo shi ne yadda ake tara kuɗaɗe iri daban-daban a kira su duka bashin Turawa. Akwai kyauta, wadda ba a biya, irin dala miliyan 547 da Amurka ta ba Ghana a yarjejeniyar 2006, wadda daga cikinta aka gina babbar hanyar da ta tashi daga Tetteh Quarshie zuwa mahaɗar Malam a Akra. Akwai rance mai sauƙi na Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, mai ƙaramin kuɗin ruwa da wa'adin shekaru masu yawa. Akwai kuɗin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, wanda ba ya gina makaranta ko asibiti, aikinsa shi ne ya cike giɓi idan kuɗin waje ya ƙare wa ƙasa, ya kuma gindaya sharuɗɗa kan haraji da kasafi. Akwai bashin ƙasa da ƙasa, kamar wanda China ta bayar aka gina madatsar Bui da aka kammala a 2013, inda aka jingina cinikin koko. Sannan akwai bashin kasuwa, takardun da ake kira Eurobond, wanda babu batun taimako a cikinsa ko kaɗan: masu kuɗi ne a Landan da New York suke neman riba. Lokacin da Ghana ta zauna da masu binta bashi bayan 2022, na Eurobond ya kai kusan dala biliyan 13, na ƙasashe baki ɗaya kuwa dala biliyan 5.4 ne, rabon China a ciki bai kai biliyan 2 ba. Duk wanda ya ce tallafin ƙasashen waje ne ya durƙusar da Ghana, ko ya ce China ce, bai duba lissafin ba. Abin da ya karya ƙasar shi ne bashi mai tsada da ta je ta ciwo da ƙafarta, a waje da kuma cikin gida, har kuɗin ruwa kaɗai ya riƙa cinye kusan rabin kuɗin shigar gwamnati.

Wannan bai wanke masu ba da rancen raya ƙasa ba, domin su ma suna da tasu tambayar da za su amsa, kuma matsalar tana farawa ne daga ma'aunin da suke auna kansu da shi. Tun 1991 ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta tsara tambayoyin da ake yi wa kowane aiki: ko ya dace da buƙata, ko ya cim ma abin da aka nufa, ko an kashe kuɗin da tattali, wane sauyi ya kawo, kuma ko zai ɗore. A takarda babu abin kushewa a nan. A aikace kuwa, ana auna aiki ne da burin da shi mai aikin ya rubuta wa kansa tun farko, burin da ake iya sassautawa a tsakiyar tafiya idan an ga ba za a kai ba, kuma a Bankin Duniya rahoton kammalawa yana fitowa ne cikin watanni kaɗan bayan rufe asusun aikin, lokacin da fenti bai dushe ba, injin bai nemi gyara ba, ma'aikatan da aka horar ba su bar wurin ba. Tambayar ɗorewa, wadda ita ce ta fi damun mai amfani da abin, hasashe kawai ake yi a kanta. Bankin da kansa ya san da wannan rauni, domin a 1992 wani kwamitin cikin gida ƙarƙashin Willi Wapenhans ya gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na ayyukan da aka kammala a 1991 ba su gamsar ba, ya kuma ɗora laifin a kan al'adar da ta sa ma'aikaci ke samun girma saboda yawan rancen da ya sa aka amince da shi, ba saboda abin da rancen ya haifar ba. An yi gyare-gyare da yawa tun daga lokacin, har a Akra aka yi babban taron duniya kan ingancin tallafi a watan Satumban 2008, inda aka yi alkawarin cewa ƙasar da ake taimaka wa ita za ta riƙe ragama. Amma ma'aikacin da ya tsara aiki yakan koma wata ƙasa kafin a ga sakamakonsa, kuma wannan bai sauya ba.

Motocin Aayalolo na Akra sun nuna abin da ake nufi. Shirin sufurin birane da Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka tallafa wa tun 2007 an tsara shi ne domin manyan motoci su samu layinsu na kansu a kan titi, su wuce cunkoso. Abin da aka samu a 2016 shi ne motoci masu kyau a hanyar Amasaman zuwa tsakiyar birni, ba tare da cikakken keɓaɓɓen layi ba, suna tsaye cikin cunkoso ɗaya da trotro, wato ƙananan motocin haya, kuma kafin ƙarshen 2018 sun tsaya na wani lokaci saboda kamfanin ya kasa ɗaukar nauyin kansa. Masana'antar sukari ta Komenda kuwa, wadda aka gina da rancen dala miliyan 35 daga bankin Exim na Indiya aka buɗe a watan Mayun 2016, ta yi shiru ba da daɗewa ba, saboda an gina injin kafin a tanadi gonakin raken da za su ciyar da shi. A duka biyun an sayo abin da aka ce za a sayo, an kafa abin da aka ce za a kafa, rasit ya cika. Abin da ya gagara shi ne ɓangaren da ba a saye da kuɗi: shawo kan ƙungiyoyin direbobi, hana masu motoci shiga layin da ba nasu ba, shirya manoma da filaye.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda madatsar Akosombo ta fi kowane aiki bayyanawa. Da rancen Bankin Duniya da Amurka da Birtaniya aka haɗa aka gina ta, Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966, wata guda kafin a kifar da shi. An raba mutane wajen dubu 80 da garuruwansu, tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan bakin tafkin, kuma shekaru da dama kamfanin VALCO na Amurkawa ne ya sha mafi arhar wutar, yana narkar da ma'adinin alminiyum da ya shigo da shi daga waje alhali Ghana na da nata a ƙasa. Wanda ya auna aikin a 1980 zai iya cewa an yi wa ƙasa wayo. Wanda ya auna shi yau, bayan kusan shekara sittin madatsar na ba da wuta mafi arha a ƙasar, dole ya sassauta hukuncinsa, ko da yake mutanen Mepe da ruwa ya ci gidajensu lokacin da aka saki madatsar a watan Oktoban 2023 suna da abin faɗa.

Tambaya mafi wuya ita ce: da ba a yi aikin ba, da me zai faru? Idan talauci ya ragu a garin da aka kai tallafi, ba a san ko tallafin ne ya rage shi ba, sai an ga abin da ya faru a gari mai kama da shi da ba a kai komai ba. Ghana ta ba duniya darussa biyu masu kyau a kan wannan. Na farko shi ne shirin Ƙauyukan Ƙarni da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta, wanda ya ce idan aka zuba taki da magani da makaranta da hanya a lokaci guda, ƙauye zai kuɓuta daga talauci. An gwada shi a Bonsaaso ta Amansie a nan Asante, daga baya kuma Birtaniya ta ba da fam miliyan 11 aka yi shi a yankin Mamprusi da Builsa daga 2012 zuwa 2016, amma a wannan karon aka sa masu bincike masu zaman kansu su kwatanta ƙauyukan shirin da maƙwabtansu tun daga farko. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna an samu ci gaba a wasu fannoni, kamar zuwa makaranta da haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya, amma shirin bai rage talauci ko yunwa fiye da yadda suka ragu a maƙwabta ba. Da ba a yi kwatancen ba, da an ɗauki duk ci gaban da yankin ya samu an jingina shi ga shirin, kuma babu wanda zai ce an yi ƙarya. Darasi na biyu ya zo ta wata fuskar: a 2008 masu bincike Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka raba guraben karatun sakandare kyauta ta hanyar ƙuri'a ga ɗalibai 682 cikin kimanin dubu biyu da suka ci jarrabawa amma ba su da kuɗin shiga, sannan suka bi rayuwarsu fiye da shekara goma. Waɗanda suka samu sun fi kammala karatu da nisa, 'yan matan cikinsu sun jinkirta ɗaukar ciki, sai dai ribar albashi ta fi fitowa ne ga waɗanda suka samu aikin gwamnati, wanda gurabensa ƙididdigaggu ne. Irin wannan awo yana da gaskiya, amma yana da iyaka, domin ana iya jefa ƙuri'a a kan ɗalibai ko ƙauyuka, ba a iya jefa ta a kan madatsar ruwa ko darajar sidi.

Shi ya sa har yau ba a gama gardama kan 1983 ba. Dattawan zango suna tuna shekarar: fari, gobarar daji, kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya, kantuna wayam, kalabule, wato cinikin bayan fage, ta zama hanyar samun sabulu da sukari, yunwa ta fito da ƙashin wuyan mutane har aka sa masa suna sarƙar Rawlings. Hauhawar farashi ta haura kashi 120 cikin ɗari, kokon da ƙasar ke samarwa ya faɗo daga fiye da tan dubu 500 a tsakiyar shekarun 1960 zuwa ƙasa da tan dubu 200, wani ɓangarensa ma ana fasa-ƙwaurinsa zuwa Kwaddibuwa da Togo saboda farashin gwamnati bai kai wahalar noma ba. Gwamnatin Rawlings, da Kwesi Botchwey a ma'aikatar kuɗi, ta karɓi shirin IMF da Bankin Duniya: aka karya darajar sidi daga 2.75 a kan dala zuwa 30 cikin shekarar, aka saki farashi, aka ƙara wa manoman koko kuɗi, aka sallami dubban ma'aikata. Kaya suka dawo kasuwa, tattalin arziki ya riƙa haɓaka da kimanin kashi 5 cikin ɗari a shekara, Ghana ta zama abin nuni a Washington, mazaunin IMF da Bankin Duniya. A ɗaya hannun, asibiti ya koma sai ka biya kafin a duba ka, masana'antu da dama suka mutu, shinkafa da tumatirin gwangwani da kajin waje suka mamaye kasuwa, har masu ba da rancen suka amince a ƙirƙiro shirin PAMSCAD a ƙarshen shekarun 1980 domin rage raɗaɗin maganin nasu. A ganina, karya darajar sidi da biyan manomi haƙƙinsa ba makawa ne, kuma wanda ya musanta haka ya manta yadda kantuna suke a 1982. Amma buɗe kasuwa gaba ɗaya ga ƙasashen da ke tallafa wa nasu manoman zaɓi ne, ba tilas ba, kuma lokacin da majalisar dokoki ta amince a 2003 a ƙara harajin kajin waje daga kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, aka janye matakin bayan tattaunawa da IMF, an ga inda ragamar take a zahiri.

Idan ana neman inda tallafi ya yi aiki ba tare da gardama ba, sai a duba lafiya. A 1989 an ƙirga masu ciwon kurkunu kusan dubu 180 a Ghana, mafi yawansu a arewa, manoma kwance a lokacin shuka tsutsa na fitowa daga ƙafa ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. Babu allurar rigakafi, babu maganin sha. Abin da aka yi shi ne ƙyallen tace ruwa a bakin tulu, maganin da ake zubawa a kududdufi, rijiyar burtsatse inda aka samu hali, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye riƙe da littafi yana rubuta duk wanda ƙurji ya fito masa, yana hana shi shiga ruwan da ake sha. Cibiyar Carter da wasu suka kawo kuɗi da kayan aiki, ma'aikatan lafiya na Ghana da mutanen ƙauyukan suka yi aikin. An ga mutum na ƙarshe mai ciwon a watan Mayun 2010 a yankin Savelugu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi a 2015. A cibiyar bincike ta Navrongo ma, da kuɗin waje amma da hannun likitocin Ghana, aka gwada gidan sauro mai magani da sinadarin bitamin A aka ga suna rage mutuwar yara, aka kuma gwada kai ma'aikaciyar jinya ta zauna cikin ƙauye da babur ɗinta maimakon ta jira a asibiti, wanda shi ne asalin tsarin CHPS da ya zama manufar ƙasa. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 155 cikin dubu a binciken 1988 zuwa 40 a na 2022. Ba tallafi kaɗai ya yi wannan ba, amma alluran rigakafi da gidajen sauro da magungunan zazzaɓin cizon sauro da aka saya da kuɗin asusun lafiya na duniya irin su Gavi da Global Fund suna da babban rabo. Abin da waɗannan nasarori suka yi tarayya a kai shi ne burinsu ɗaya ne kuma a fili yake, ana iya ƙirga shi kowane wata, kuma akwai hukumar ƙasa da ta ɗauke shi a matsayin aikinta. Har a nan ɗin ma, da CHPS ta koma batun gine-gine da 'yan siyasa ke yanke ƙyalle a gabansu, sai aka fara samun ɗakuna a ƙauyuka babu ma'aikaciya ko kayan aiki a ciki.

Yafe bashi shi ne gwaji mafi girma da aka yi a Ghana, kuma sakamakonsa ya kasu biyu. Gwamnatin Kufuor ta shiga shirin HIPC na ƙasashe matalauta masu tarin bashi a 2001, ana ta yi mata ba'a har aka laƙaba wa mahaɗar da ke kusa da gidan shugaban sunan shirin, ta kammala sharuɗɗa a watan Yulin 2004, aka ƙara yafe wani kaso bayan taron manyan ƙasashe masu arziki da aka yi a Gleneagles a 2005. Kuɗin da aka huta biya an gan shi a ƙasa: ajujuwa da banɗakunan jama'a da aka rubuta wa sunan HIPC a bango, soke kuɗin makarantar firamare, ciyar da ɗalibai. Talauci ya sauko daga kusan kashi 52 cikin ɗari a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da 29 a 2006, bashin gwamnati kuma ya koma wajen kashi 26 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Amma tun a 2007 Ghana ta sayar da Eurobond ɗinta na farko, dala miliyan 750 da ruwan kashi 8.5 cikin ɗari, mai ya fara fita a 2010, aka sake lissafin tattalin arziki ƙasar ta shiga sahun masu matsakaicin samu, wanda ya rage mata damar rance mai sauƙi ya buɗe mata ƙofar mai tsada. A 2015 aka koma IMF aka karɓi dala miliyan 918, aka yi bikin fita a 2019 da taken Ghana ta wuce tallafi, kuma a 2019 da 2020 da 2021 kowace shekara aka ciwo kimanin dala biliyan 3 a kasuwa, duk da cewa tun 2015 IMF da Bankin Duniya sun sa ƙasar cikin masu babban haɗarin kasa biya. Zuwa Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, a watan Mayun 2023 kuma aka amince da sabon shirin dala biliyan 3, karo na 17 da Ghana ta je wa asusun. Kowane shiri a cikin waɗannan yana iya nuna cewa ya daidaita lissafi a lokacinsa, amma komawa sau goma sha bakwai shi kansa hukunci ne, a kan mai karɓa da kuma a kan mai bayarwa.

Rabon gida a wannan laifi ba ƙarami ba ne, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Kusan kowace shekarar zaɓe, 2008 da 2012 da 2016 da 2020, kasafi yakan ɓalle, ko wace jam'iyya ce ke mulki. Harajin da ake tarawa bai wuce kimanin kashi 13 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa ba. A zamanin dumso, wato lokacin yawan ɗauke wuta, an sa hannu a kwangilolin wuta da suka wajabta biya ko an sha ko ba a sha ba. An ciwo dala miliyan 200 domin gidajen Saglemi, aka gina wani kaso, suka shekara da shekaru babu mai kwana a ciki. Wani bincike da Martin Williams ya yi a kan ƙananan ayyuka fiye da dubu 14 na majalisun gundumomi ya gano cewa kusan kashi ɗaya bisa uku ba a taɓa kammala su ba, ba don an sace kuɗin duka ba, sai don ana fara aiki a kowace unguwa domin a faranta wa kowa, kuɗin kuma ba ya isa a gama. Abin lura a binciken shi ne ayyukan da aka yi da asusun da masu tallafi suka sa wa ƙa'idar sai an gama na hannu kafin a fara sabo sun fi kammaluwa. Ke nan ba kowane sharaɗi ne mugu ba: wanda ya shafi yadda ake kashe kuɗin aikin yakan taimaka, wanda ya shiga zaɓar wa ƙasa manufar kasuwancinta shi ne abin tuhuma.

Sai dai idan aka zo rabon asara, ba a raba ta daidai da rabon laifi. Bashin IMF da na Bankin Duniya ba ya cikin wanda aka zaftare, domin al'ada ta ba su fifiko a kan sauran masu bin bashi, hujjarsu kuwa ita ce su ke ba da rance mai arha, su ne kuma ke bayarwa a lokacin da kowa ya gudu. Hujjar tana da ƙarfi, amma abin da ta haifar shi ne ko aiki ya yi kyau ko ya lalace, za a biya su cif. Masu Eurobond sun amince da ragin kashi 37 cikin ɗari a 2024, bayan sun shekara suna karɓar ruwa mai tsoka wanda dama ladan haɗari ne. Waɗanda ba su ci ladan komai ba su ne 'yan ƙasa da suka ba gwamnatinsu rance: a shirin musanya bashin cikin gida da aka ƙaddamar a Disamban 2022 an tsawaita wa'adi an rage ruwa, har tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a watan Fabrairun 2023, tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo na zaune cikinsu riƙe da kwali. Bayansu sai mai sayen gari da mai, wanda aka ƙara wa harajin kaya da kuɗin wuta. Gaskiya ne shirin 2023 ya nemi a kare kuɗin marasa galihu, an kuma ninka abin da ake ba masu cin gajiyar shirin LEAP na ba gidajen matalauta kuɗin tallafi, amma wannan bai kai ga mai turin baro a Alabar ko 'yar kayaye a Adum ba.

Akwai hanyar da ta fi kusa da daidaita wannan, kuma an ɗan gwada ta a unguwanninmu. Shirin tsafta da ruwa na Babban Akra, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 150 a 2013, aka faɗaɗa shi zuwa Kumasi da ƙarin miliyan 125 a 2020, ya tunkari matsalar da duk wanda ya tashi a gidan haya na zango ya sani: gida mai ɗaki goma sha, babu banɗaki ko ɗaya domin an mai da shi ɗakin haya, yara da tsofaffi na layi a na jama'a tun asuba. Maimakon a gina wani babban banɗakin jama'a da zai lalace cikin shekara uku, sai aka ce mai gida ya biya wani kaso, shirin ya cika sauran, kuma a wani ɓangare na tsarin ba a sakin tallafin sai an je an ga banɗakin a tsaye yana aiki. Wanda ya sa kuɗinsa yakan kula da abin, maginin da ba za a biya shi ba sai an duba yakan gama. Tsarin yana da nasa giɓin, domin gidan da ya fi talauci, ko wanda magada goma suka kasa haɗa kai a kansa, shi ne ke kasa kawo nasa kason. Amma ya ɗaura biya da sakamako, abin da manyan rance ba su cika yi ba.

Gwaji na gaba ya riga ya fara, kuma ba Ghana ce ta zaɓi lokacinsa ba. Da gwamnatin Trump ta dakatar da ayyukan hukumar tallafi ta Amurka, wato USAID, a farkon 2025, fadar shugaban ƙasa ta ƙiyasta giɓin da aka bari da dala miliyan 156, kusan rabinsa a fannin lafiya: zazzaɓin cizon sauro, lafiyar mata da yara, cutar HIV, har da jigilar magunguna zuwa asibitocin arewa. Gwamnatin Mahama ta amsa da cire iyakar da aka sa wa harajin inshorar lafiya a kasafin 2025, domin kuɗin da ake karɓa da sunan lafiya ya tafi lafiya gaba ɗaya, kuma ƙasar na shirin ɗaukar nauyin sayen alluran rigakafinta da kanta nan da 2030, lokacin da tallafin Gavi zai ƙare. Alƙaluman da za su nuna ko shekaru talatin na tallafin lafiya sun gina tsarin da zai tsaya da ƙafarsa su ne yawan yaran da aka yi wa rigakafi a gundumomin arewa da unguwanni irin Aboabo da Nima, da kuma yawan watannin da asibitoci ke jira kafin hukumar inshora ta biya su.